La'ada da Amana: Nasiha ga Matasanmu Masu Haɗa Ma'aikaci da Aiki

Ya ku ƙannena, maza da mata! Da ku nake, ku da Allah ya kai abincinku sana'ar ɗaukar ma'aikata a Manchester da Birmingham. Wasunku suna kamfanonin da ke samar wa mutane aiki, wasu suna sashen kula da ma'aikata a gidajen kula da tsofaffi ko manyan rumbunan kaya. Akwai kuma waɗanda ba su da ofis ko teburi, sai wayar hannu da sunan da suka yi a masallaci, inda in baƙo ya zo ake ce masa, "Je ka ga wane, ya san hanya." Duk wanda mai neman aiki ya taɓa miƙa wa takardunsa yana cewa "a taimaka", wannan magana ta shafe shi.

Ku fara da sanin halin da mutumin da ke gabanku yake ciki. Titin Oxford a Manchester ya ratsa Jami'ar Manchester Metropolitan da Jami'ar Manchester, ya wuce ta ƙofar babban asibitin Manchester Royal Infirmary, sannan ya miƙe ya zama titin Wilmslow ya shiga Rusholme. Dubban ɗalibai baƙi ne ke kai da komo a kansa kullum, kuma kowanne da lissafin da ke hana shi barci. Mai bizar karatu awa 20 kawai doka ta yarje masa ya yi aiki a mako lokacin da makaranta ke buɗe. Wanda ya gama, tun daga Yulin 2021 aka buɗe masa bizar zama ta shekara biyu don neman aiki, kuma kwanakinta suna tafiya ko ya samu ko bai samu ba. Mafi ƙarancin albashin da ake so kafin kamfani ya ɗauki nauyin ƙwararren ma'aikaci baƙo ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya ƙara hawa zuwa 41,700 a Yulin 2025, ko da yake akwai rangwame ga sababbin shiga. Guraben aiki kuwa, da suka kai kusan miliyan 1.3 a Birtaniya a 2022, sun sauko ƙasa da 800,000 a 2025. Haka abin yake ga ɗaliban Edgbaston da Aston a Birmingham. Mutum ne a matse yake zuwa wurinku, kuma wanda yake a matse yana karɓar abin da ba zai karɓa ba in da sarari. Jarrabawarku ke nan.

Sana'arku dillanci ce, kuma ba abin kunya ba ne a kira ta da sunanta. Sai dai tana da wata karkata da ya kamata ku gane tun da wuri. Kamfanin da ke neman ma'aikaci shi ke biyan ku la'ada. Mai neman aiki ba ya biyan ku ko sisi, amma shi ne ya ba ku amana: hoton fasfonsa, tarihin karatunsa, matsayin bizarsa, da abin da ba ya iya gaya wa kowa na bashin da ya ci kafin ya taso daga gida. Kamfani yana da lauyoyi, in kun cuce shi ya san inda zai kai ku. Mai neman aiki ba shi da hanyar gane ko abin da kuka gaya masa gaskiya ne sai bayan ya afka. Zuciya kuwa takan karkata wajen mai biya. Abin da nake so ku riƙe shi ne, yardar masu neman aiki ana samun ta ne ta wajen kula da wanda ba shi da ikon hukunta ku, a daidai lokacin da kuka san ba shi da wannan ikon.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin a haifi kamfanonin zamani. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, Hausawa sun riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarabawa ba tare da banki ko takardar kotu ba. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna cikinsu ya rubuta yadda tsarin yake a littafin da ya fito a 1969. Falke zai kawo shanu daga Arewa, bai san kowa ba, bai ji yaren gari ba. Sai ya sauka wurin maigida, wanda zai ba shi masauki da abinci, dillalan maigidan kuma su sayar da shanun bashi ga mahauta. Idan mahauci ya ci kuɗin, maigida ne zai biya baƙonsa daga aljihunsa. Me ya sa zai ɗauki wannan asara? Don ya san baƙon zai koma Arewa da labari, kuma labarin ne zai kawo masa fatake baɗi ko ya kore su. Jarin maigida sunansa ne a bakin baƙi. Ku lura, aikinsa bai ƙare ranar da aka ƙulla ciniki ba, sai ranar da kuɗi ya shiga hannun mai shanu.

Yanzu ku dubi abin da ya faru a ƙasar da kuke zaune sa'ad da aka rasa irin wannan maigida. A Fabrairun 2022 gwamnatin Birtaniya ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje, saboda ƙarancin ma'aikata. Dubban 'yan Najeriya suka taso. Nan da nan takardar ɗaukar nauyi, wadda kuɗinta a hukumance 'yan ɗaruruwan fam ne, ta zama hajar kasuwa. Ejan-ejan suka riƙa karɓar dubban fam, wasu sama da fam 10,000. Mutane suka sayar da filaye da motoci, suka iso suka tarar babu aikin, ko kuwa akwai shi amma awannin ba sa biyan ko kuɗin haya. Sashen binciken BBC na Afirka ya fallasa wasu daga cikin masu wannan cuwa-cuwa a Maris na 2025. Gwamnati da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Wanda aka soke lasisin kamfaninsa, galibi kwana 60 ake ba shi ya samo wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Tun a Maris na 2024 aka hana masu wannan biza zuwa da iyalansu, sannan ranar 22 ga Yulin 2025 aka rufe ƙofar ɗauko sababbi daga waje gaba ɗaya. Dalilan rufewar suna da yawa, har da siyasar shige da fice, amma ɓarnar dillalai na cikin hujjojin da aka kafa. 'Yan kaɗan suka ci, aka rufe hanya ga kowa, kuma abin takaici, da yawa daga waɗanda aka cuta ta hannun wanda suka sani aka cuce su.

Wanda ya taso daga gida Najeriya kuma da tabonsa yake zuwa. Bai manta 15 ga Maris na 2014 ba, ranar da aka tara dubban ɗaruruwan matasa a filayen wasa na Najeriya don jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, bayan kowa ya biya naira 1,000 kuɗin fom, kan gurabe da ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsitsi a Abuja da wasu garuruwa, rayuka suka salwanta. Ya saba jin cewa aiki sai da hanya, sai da wanda ka sani, sai an ba da na goro. Don haka idan kun ga yana yi muku tambaya ɗaya sau uku, ko yana jinkirin turo hoton fasfo, kada ku ji haushi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga ƙasan sifili kuke farawa da shi, kuma ba laifinsa ba ne.

To, ga abin da ya kamata ku yi. Abu na farko, kada kuɗinsa ya taɓa hannunku. Dokar kamfanonin samar da aiki ta Birtaniya ta 1973 ta haramta karɓar kuɗi daga mai neman aiki don samar masa aiki, in ban da 'yan sana'o'i kamar wasan kwaikwayo da tallan tufafi. Tun ƙarshen 2024 kuma an hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗin takardar ɗaukar nauyi. Shaiɗan ba zai ce muku ku karɓi cin hanci ba. Zai ce "kuɗin rajista" ne, ko "kuɗin gyara takardu", ko horon dole da sai a wurinku za a yi shi. Wani lokaci ma mai neman aikin ne da kansa zai kawo, saboda a gida ya koya cewa ba a zuwa hannu rabbana. Ku mayar masa cikin ladabi, ku gaya masa doka ta hana, kuma duk wanda ya nemi kuɗi a wurinsa nan gaba ya guje shi. Wannan jumla ɗaya za ta iya tsare masa dukiyar gidansu, kuma ba zai manta wanda ya fara gaya masa ita ba.

Na biyu, ku faɗi mai ɗacin tun farko. A fikihunmu, ijara ba ta inganta sai an san aikin an san ladan, kuma dokar ƙasar nan ta zo daidai da haka: tun Afrilun 2020 wajibi ne kamfanin samar da aiki ya ba ma'aikacin wucin gadi takardar muhimman bayanai kafin ya amince, mai nuna wanda zai biya shi, nawa ne, da abin da za a cire. Kada ku tura ta cikin tarin saƙonni da fatan ba zai karanta ba. Ku zauna ku bi ta tare da shi, da Hausa in ya fi ganewa. In albashin zai bi ta wani kamfani na tsakiya da ke yankar nasa kason, ku nuna masa abin da zai shiga asusunsa a ƙarshen mako, domin lambar da ke kan talla ba ita zai ci ba. In kwantiragin bai lamunce masa ko awa ɗaya ba, ku ce masa haka. In aikin na dare ne, a wani rumbun kaya da motar haya ba ta zuwa da asuba, ya sani. In aikin kula da tsofaffi ne gida-gida, ku gaya masa yadda ake lissafin lokacin tafiya tsakanin gidaje. Mafi ƙarancin lada ga mai shekara 21 zuwa sama ya zama fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, ana kuma sabunta shi duk shekara. Ku kuma sanar da shi cewa in ya yi mako 12 a wuri ɗaya a aiki ɗaya, doka ta ba shi haƙƙin daidaito da ma'aikatan dindindin a albashi da hutu. Da yawa ba su san wannan ba, wasu dillalan kuma rashin sanin ne ribarsu.

Na uku, ku koyi cewa a'a. "Za mu neme ka" ta kashe zukata fiye da "ba a ɗauke ka ba". A al'adarmu muna jin nauyin ba mutum labari marar daɗi, sai mu yi shiru mu ɗauka kara ce. Amma mai biza yana ƙirga kwanaki. Duk makon da ya yi yana jiran wayarku, mako ne da zai nemi wani wurin. In kun ce za ku kira ranar Alhamis, ku kira ranar Alhamis, ko da abin da za ku ce shi ne kamfanin bai amsa ba tukuna. Alkawari kaya ne. In an ƙi shi, ku gaya masa, tare da dalilin da kuka sani: takardarsa ta yi tsawo, ko bai kawo misali ba da aka tambaye shi, ko kamfanin ba ya ɗaukar nauyin biza. Wannan na ƙarshen ma kamata ya yi ya ji shi kafin ya ɓata kuɗin jirgin ƙasa daga Birmingham zuwa Manchester don ganawa. Kada kuma ku tallata gurbin da babu shi don tara takardun mutane. Dokar ƙasar ta hana, kuma yaudara ce ko da ba a kama ku ba.

Na huɗu, ku san iyakar ikonku. Ba ku ne ke ba da biza ba, ba ku ne ke yanke hukuncin ɗauka ba. Kada son a ce kun isa ya sa ku ce "ka bar min, an gama". Ba da shawara kan shige da fice a matsayin sana'a ba tare da rajista ba laifi ne a Birtaniya tun dokar 1999. In aka yi muku tambayar da ta shafi biza, ku tura mutum wurin lauya ko mai ba da shawara mai rajista, ko ofishin ɗalibai baƙi na jami'arsa. Ku kuma nuna masa yadda zai duba da kansa ko kamfani yana cikin jerin masu lasisin ɗaukar nauyi, tunda gwamnati tana wallafa jerin a intanet kyauta. Wanda ya koya wa mutum yadda zai binciki maganarsa ya nuna ba shi da abin ɓoyewa. Ku da kuke harkar asibiti, ku tuna Najeriya da Nijar da Gana suna cikin ƙasashen da ƙa'idar Birtaniya ta hana a je a yi farautar ma'aikatan lafiyarsu, bisa jerin Hukumar Lafiya ta Duniya, ko da yake mutum yana iya neman aiki da kansa.

Na biyar, sirrinsa. Takardar bayanin mutum, wadda kowa ke kira CV, ba a tura ta wani kamfani sai da izininsa, musamman in yana aiki a wani wuri kuma mai gidansa bai san yana neman canji ba. Fasfo a duba shi a mayar, ba a riƙe shi ko na kwana ɗaya, domin riƙe fasfon ma'aikaci na cikin alamomin da hukumomi ke bi wajen gano bautar zamani. Al'ummarmu a nan ƙarama ce. Wanda kuka tattauna da shi ranar Talata, ƙila sahu ɗaya za ku tsaya ranar Juma'a. Abin da kuka sani game da bizarsa ko albashinsa kada ya fita majalisa, kada ya shiga rukunin WhatsApp, kada ma ya isa kunnen matarka ko mijinki.

Akwai wani nauyi da ya hau kanku saboda inda kuka fito. A 2019 masu bincike a Kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford sun fitar da sakamakon wani gwaji, inda suka tura dubban takardun neman aiki iri ɗaya da sunaye daban-daban. Masu sunayen 'yan Najeriya sai sun tura takardu fiye da na fararen fata da kashi 80 cikin 100 kafin su samu amsa daidai da tasu. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta wariya, amma doka ba ta zama a ɗakin da ake tace takardu, ku ne kuke zaune a wurin. Idan kamfani ya raɗa muku cewa ba ya son masu "sunaye masu wuya" ko mai hijabi, ku ƙi, ku kai maganar sama. Sai dai adalcin nan fuska biyu gare shi. Ranar da kawu ya bugo daga Kano ko Maraɗi yana cewa a yi wa ɗan wane alfarma, ba za ku ture 'yar Pakistan ko ɗan Poland da ya fi cancanta ba. Taimakon da ya halatta ga ɗan'uwa shi ne ku gyara masa takarda, ku yi masa gwajin tambayoyi, ku gaya masa gaskiyar inda yake da rauni. In kuka tura wanda bai iya ba don zumunci, za a sallame shi, kuma Bahaushe na gaba da zai nemi aiki a wurin shi zai biya bashin.

Na san abin da za ku ce: "Yaya, kai ba ka san matsin da muke ciki ba. Kowane wata da adadin da ake so mu cika, la'adarmu kuma a kansa take." Gaskiya ne, kuma wanda ya faɗi gaskiya zai rasa wasu cinikin da maƙaryaci zai samu a wannan watan. Amma ku yi lissafin har ƙarshe. Yawancin yarjejeniyar da kamfanoninku ke yi tana da sharaɗin cewa in ma'aikaci ya bar aiki a makonnin farko, za a mayar da wani ɓangare na la'adar. Wanda aka ruɗa ya shiga shi ne mai saurin fita. Wanda ya shiga da idonsa buɗe yakan zauna, kuma shi zai turo muku abokan karatunsa ba tare da kun biya kuɗin talla ba. Kasuwa kuma tana juyawa. A 2022 dillalai ne ke roƙon ma'aikata, yau ma'aikata ke roƙon dillalai. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Yarinyar da ke neman aikin dare yau don ta biya kuɗin makaranta, nan da 'yan shekaru ita za ta zama manajar da ke zaɓen kamfanin da za a ba kwangilar kawo ma'aikata, kuma za ta tuna wanda ya ɗaga wayarta. In kuma kuka ga wurin da kuke aiki ba ya tafiya sai da ƙarya, to ku fara neman wani wurin. Kun fi kowa sanin yadda ake yi.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, don babu la'ada a cikinsa. Bayan mutum ya fara aiki, ku neme shi. Ku kira a ƙarshen makon farko ku ji ko aikin ya zo daidai da abin da kuka faɗa. Ku sake kira bayan albashin farko, ku ce ya duba takardar biyan, ko awanninsa sun cika, ko an cire abin da ba a yi magana a kai ba. In akwai kuskure, ku bi masa, ko da hakan zai sa ku yi sa-in-sa da kamfanin da ke biyan ku. In abin ya wuce kuskure ya zama zalunci, ku nuna masa inda ake kai ƙara, kamar hukumar sasanta rikicin aiki ta Acas ko ƙungiyar ƙwadago, kuma kada ku ƙara tura kowa wurin har sai an gyara. Ba kowane kamfani zai gode muku ba, wani ma zai janye cinikinsa. Ku bar shi ya tafi, domin mutanen da za ku ci gaba da kai masa, ku ne za a tambaya a kansu, a nan da kuma gobe Ƙiyama.

Allah ya sa albarka a nemanku, ya tsare ku daga cin haƙƙin wanda ya yarda da ku.